Baffa Sale da Digirorinmu

Ku da kuka zauna da Baffa Sale a Yalwawa kun san ba a gama gaisawa da shi bai tambayi mutum abin da ya karanta ba. Kana faɗa masa kuwa, shi ke nan, sunanka na yanka ya tafi. Ni ɗan ƙaninsa ne, a gabansa aka raɗa mini Nura, amma tun da na shiga jami'a na koma "Tarihi" a bakinsa. Kuma ba a suna abin yake tsayawa ba, aikin ma sai ka yi.

Habibu ɗan maƙwabcinsa labarin ƙasa ya karanta, ya ƙare a sayar da kayan waya. Da damina ta matso Baffa ya je shagonsa ya kafe.

"Labarin Ƙasa, yaushe ruwan shuka zai sauka?"

"Baffa, ni fa caja nake sayarwa."

"Shekara huɗu kana zana gajimare a takarda! Faɗa mini rana."

Don ya rabu da shi, Habibu ya ce Laraba. Baffa ya wuce gonarsa ta Taura ya binne geronsa ranar Talata. Sama ta yi shiru mako biyu, zabbi suka tone irin tas. Kuna tsammanin ya ga laifin kansa? Ina! Cewa ya yi yaron ne bai mai da hankali a aji ba.

Sai batun babur. Ya lalace, muka tura shi wajen Malam Isa bakanike, wanda duk unguwa ta yarda da hannunsa. An fara kwance inji ke nan Baffa ya yi tambayar tasa, Malam Isa ya ce Larabci ya karanta.

"Subhanallahi! Mayar da notin nan, Malam. Kai addu'a za ka yi masa."

Ya mai da babur gida ya damƙa wa ɗansa Yaya Auwal, wanda ya karanta injiniya amma aikin banki yake yi, ko sifana bai iya riƙewa ba. Shekara guda babur na jingine a zaure, har kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashinsa. Duk wanda ya yi magana sai Baffa ya ce, "Ku ƙyale shi, Injiniya yana nazari."

Kowa na dariya, ni kuwa abin yana cina a rai. Bayan bautar ƙasa na yi shekara biyu ina yawo da takardu ba aiki, daga ƙarshe na kama tuƙin adaidaita sahu. Na kasa faɗa masa. Mutumin da ya raka ni jami'a ranar farko da akwatina a kafaɗarsa, da wane baki? Sai na ce masa koyarwa nake yi a Ringim, na bi 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya ina roƙon su rufa mini asiri. Hanyar Yalwawa kuwa na haramta wa kaina. Fasinja na cewa can za shi, sai in ce mai ya ƙare.

Wata Asabar da hantsi ina sauke wata mata da buhun albasa a bakin kasuwa, na ji an zauna a baya.

"Tarihi, Yalwawa."

Wallahi Baffa ne. Na ja muka tafi, sai da muka kusa gida ya gyara murya.

"Ashe Ringim ta matso kusa."

"Baffa, ka yafe mini. Kunya na ji."

"Kunyar me? Sata ka yi? Ni da kake gani aikin gona na karanta, na ƙare rayuwata ina jera fayil a ofis. Ko tsiron wake ba a taɓa neman shawarata a kai ba, ba wanda ya tuna na taɓa karanta wani abu. Ƙaryar ce ta ɓata mini rai, ɗana, ba tuƙin ba." Sai ya taɓa kafaɗata. "Kuma ka rage gudu, ba tuƙi ka karanta ba."

Na yi dariya hawaye na zuba, har na wuce ƙofar gidan ban sani ba.

Daga ranar ni nake kai shi masallaci duk Juma'a. Ya hana ni ajiye shi a gefe, sai a inda abokansa suke taruwa, ya sauko a hankali yana nuna ni yana cewa, "Ɗana ne, da guminsa yake ci."

Ranar da ya rasu, a cikin adaidaita sahun nan na ɗauki masu haƙar kabari da kayan aikinsu. Har yau in na biyo Yalwawa ranar Juma'a sai na tsaya a ƙofar gidan kafin in tuna. Allah ya jiƙan Baffa, ya haskaka makwancinsa, ya rufa masa asiri kamar yadda ya ɗauke mini kunyata.