Tsakar gidan da Inna ta tsaya kallo

Jiya da yamma muna cin tuwo muna kallon wasan kwaikwayo a talabijin, sai aka nuno wani gidan ƙasa mai rumbu biyu, da itacen ɗorawa a ƙofa. Inna ta cire hannu daga kwano.

Tunda 'yan bindiga suka raba mu da ƙauyenmu na wajen Wasagu muka kama haya a Zuru, ba ta taɓa ambaton gida ba.

Na ce, "Inna, in canza tasha?"

Ta ce, "Bar shi, ɗana. Ni ba labarinsu nake bi ba, tsakar gidan nake kallo. Dubi yadda aka share tas. Su har yanzu suna da mai share musu."

Na bar mata tashar.

Ku fa, wane gida kuka taɓa gani a talabijin ya tuna muku da naku?