Rubutun Oga Sunday a Murfin Inji

Jama'a, yau mamaci ya ceci hannuna.

Kun san injin lanƙwasa ƙarfen nan na shagonmu a Magajiya, mai yoyon man haidrolik. Maigidana Oga Sunday kullum cewa yake zai gyara, har ya rasu sati biyu da suka wuce. Yau na ce bari in gwada. Na cire murfin baya, na kunna inji, na miƙa hannu zan shafa tiyo in ji inda yake tsiyaya. Sai idona ya kai kan murfin ta ciki. Rubutun alli ne, da hannunsa: "Sani, kwali za ka sa, ba hannu ba."

Na kara kwali a jikin tiyon. Wallahi man ya huda shi kamar allura!

Da matarsa ta zo kwasar kayansa na nuna mata. Ta ce, "Ranar da za a kai shi asibiti sai da ya sa aka biyo da shi ta shago. Ya ce ya san halinka, ba ka da haƙuri."

Na canja tiyon, yoyo ya tsaya. Murfin ne har yanzu na kasa mayarwa.