Ƙofa da Kwaɗo, Ɗaki Ba Jinka

Assalamu alaikum. Ni ban taɓa zama a aji ba. 'Yar autata ce ke riƙe da alƙalami, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

A zamanin Turawa, lokacin da garin nan namu na Suleja ake ce masa Abuja, ina zaune da maigidana da 'ya'yanmu mata biyu a wani ƙauye kusa da Lambata. An san ni da riƙo. Ba a ɗibar hatsi a rumbuna sai ina tsaye, kuma kaza ba ta isa ta ɓoye mini ƙwai ba. Maigidan masassaƙi ne, turmi da taɓarya da kujerar mata, mutum mai sanyin hali. Abin da ya samu ni yake miƙa wa, don ya san a hannunsa ba ya kwana. Da ya ga cinikinsa ya fi tafiya a cikin gari, sai ya nemi fili wajen Wambai aka ba shi, muka shirya tashi kafin ruwa ya sauka.

Wata biyu ina lissafin tashin nan, kuma lissafina ƙulli ne a jikin tsohon zane. Na magini daban, na shuci, ciyawar rufi ke nan, da mai baibaya daban, na masu jakuna da matan Gwari da za su ɗauko mana kaya a kafaɗa daban, har da na tukwanen da na san sai sun fashe a hanya. Har gobe ina bugun ƙirji da wannan lissafi, don ko kwabo bai kuɓuce mini ba. Ƙulli na ƙarshe kuwa surukata ce ta sa na ɗaura, tsohuwar da ke zaune tare da mu. Ta ce wannan na mutane ne: goron da za a bi gida gida a raba, da tuwo da kunu na ranar ɗora jinka. A lokacin a ƙasa ake haɗa jinka a baibaye ta, sannan mazan unguwa su taru su ɗaga su aza bisa ɗaki. Ba a biyan kowa, ciyarwa ake yi.

Mun iso muka tarar da ƙaramin ɗaki a rufe, amma jinkar babban tana zaune a tsakar gida. A cikin babban na jera buhunan dawarmu, abincin da zai kai mu kaka. Da na tsaya na dubi ƙofar, ba komai sai asabari, raina bai kwanta ba. A ƙauye na san kowa har kakansa, nan kuwa ban san ko mutum ɗaya ba. Washegari na kwance ƙullin mutane, na sa aka kafa mini ƙyauren katako da kwaɗo. Surukata ta ce mini, 'yar nan, kin sayi ƙofa kin sayar da maƙwabta. Na ce mata ban zo gari don in ciyar da ƙartin da ban san iyayensu ba, ɗanta ya koma ƙauye ya taho da ƙannensa su ɗora jinka a banza.

Ran nan wata maƙwabciya mai tuyar waina ta shigo yi mana sannu da zuwa da ƙwaryar fura. A bakin danga na tare ta, don na ga idonta na kaiwa kan buhuna. Na juye furar, na mayar mata da ƙwaryarta ba ko gyaɗa a ciki. Na san abin da na yi, da gangan na yi.

Kwana huɗu da zuwanmu maigida ya kama hanyar ƙauye da safe. Bayan azahar hadari ya taso daga wajen Dutsen Zuma, baƙi ƙirin. Ni da 'yan matana muka ja buhu uku zuwa ƙaramin ɗaki, ya cika. Muka rufe sauran da tabarma da zana, iska ta kwashe. Har hannu na sa a ƙarƙashin jinkar nan ina nishi, ko motsi ba ta yi ba. Tsohuwa tana zaune a bakin ƙofa ta ce ita dai tana jira ta ga ko kwaɗon nawa zai kulle sama.

Na ɗauki mayafi na fita. Mazan unguwa suna gindin bishiya kusa da masallaci suna naɗe tabarmi. Na durƙusa na gaishe su, na faɗi abin da ya kawo ni. Wani dattijo maɗinki ya tambaya ko matar wa ce, don su ba su ji an yi baƙi ba, bugun ƙusa kawai suka ji. Wani ya ce ai gidan da kwaɗo, ta ina za su shiga? Aka yi dariya. Gaskiya kuwa na wajensu. Sai muryar mai waina ta fito ta kan danga, tana ce wa mijinta da sauransu hatsi bai yi musu laifi ba, in suna da magana da baƙuwa su bari sai gobe, amma su ji tsoron Allah kada abinci ya ruɓe a kan idonsu. Suka miƙe. Kafin su iso ruwa ya kece, shuci ya sha ya ninka nauyi. Sau biyu suna ɗagawa suna direwa, a na uku suka aza. Na ƙirga su, mutum goma sha huɗu, suna tsaye a tsakar gidana ruwa na zuba daga rigunansu, ni kuwa ba ni da ko ɓarin goro da zan miƙa. Wallahi wannan ya fi jiƙewar dawar yi mini ciwo.

Buhunan sama duk sun sha ruwa. Na shanya, rana ta ƙi fitowa, wata ta yi tsiro, wata ta yi fumfuna. Kusan kashi ɗaya cikin uku awaki suka cinye. Juma'ar da ta biyo na sayar da tasoshin aurena biyu na yi tuwon da na ƙi yi, na bi gida gida da goro da ƙafata, kuma abin da na kashe ya fi abin da ke cikin ƙullin. Da marka ta zo sau ɗaya muke ɗora tukunya, rogo da tafasa suka riƙe mu. Mai waina takan turo kwano a rufe, ba ta taɓa tayar da zancen ƙwarya ba.

Ban sauya hali ba, har yau ina ƙirga, kuma duk mai shirin tashi ina ce masa ya ƙirga tun da wuri. Amma ina ganin 'yan yanzu suna sauke kaya a unguwar Kwamba, sun ware na haya da na mota da na lebura da na ƙofar ƙarfe, su shekara ba su san sunan na jikin katangarsu ba. Ku ware na mutane, kuma in kuɗi ya gaza ku rage wani, kada ku taɓa shi. Da ake cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ni na gwada da nawa. Kwaɗon nan har ya yi tsatsa ɓarawo bai taɓa gwada shi ba. Mai wainar da na tare a bakin danga kuwa, ita ta yanke cibiyar wannan da ke rubuta muku.