Kar-a-taɓa da Shafin Masu Ba da Jini

A layin da take zaune ba mai kiranta da sunan yanka. Kar-a-taɓa ake ce mata, kuma ita ta jawo wa kanta. Tun tana koyarwa a firamare haka take: allinta kar a taɓa, kujerarta kar a taɓa. Da ta yi ritaya ta kwaso halinta ta dawo da shi gida, don hali zanen dutse ne.

Mijinta ma'aikacin ɗakin gwajin jini ne a asibiti, mutum mai son jagwalgwala kwamfuta. Ya gaji da ganin dangin marasa lafiya suna zaryar neman jini, sai ya buɗe shafi a intanet. Mai niyyar ba da jini ya sa sunansa da rukunin jininsa da lambar waya. In buƙata ta taso, shafin ya tura saƙo ga waɗanda jininsu ya dace. Akwai babbar manhaja da shafin ke zaune a kanta, sai ƙanana da ake jona mata, kowacce da aikinta, masu harkar suna ce musu fulogin. Wata ta tura saƙo, wata ta kori 'yan damfara. Guda ɗaya kuwa shi ya haɗa ta da hannunsa. Kana buɗe shafin za ka ji muryarsa: "Sannu da zuwa, ɗan'uwa. Zauna, ba zafi."

Da ya rasu, shafin ya dawo hannunta, da kwamfutarsa mai karyayyen murfi da ake tokarewa da gwangwanin madara. Ta koyi shigar da sunaye, ta koyi tura saƙo, ta riƙe aikin da gaske. Abu ɗaya ta ƙi: maɓallin sabuntawa. Jan ɗigo ya fito a gefen allo yana cewa akwai sabon zubin manhajar, ta harare shi kamar ɗalibin da ya ɗaga hannu ba a tambaye shi ba. Shekaru suka shuɗe, ɗigon yana nan, ita ma tana kan bakanta. Kullum da safe takan buɗe shafin ta ji an yi mata sannu da zuwa, sannan ta ɗora ruwan zafi.

Sai kamfanin da ke ajiye shafin ya turo gargaɗi. Tsohon zubin ya yi ɓarakar da ɓarayi ke shiga, in ba a sabunta kafin ƙarshen wata ba za su rufe shafin.

Autarta, wadda ke aikin jinya a asibitin da uban ya yi aiki, ta biyo daga wurin aiki ko takalmi ba ta cire ba.

"Mama, don Allah ki danna kawai. Kin san mutum nawa muke samu ta nan?"

"Ke da ba ki iya ɗaura zani ba sai da na koya miki? Ba na danna abin da ban san inda zai kai ni ba."

Ta fi ƙarfin ta ce tana tsoro, amma tsoro take ji. Ta zauna ta bi bidiyon koyarwa ɗaya bayan ɗaya, tana yi wa masu bayanin faɗa in sun cika sauri, har ta gane ana iya kwafe shafi gaba ɗaya a yi gwaji a kan kwafin. Wannan ya yi mata daɗi. Ta yi kwafi, ta yi bisimilla, ta danna maɓallin sabuntawa a kan kwafin. Allo ya yi fari fat, ko harafi babu.

Ba ta ruɗe ba. Wanda ya riƙe aji ya san in surutu ya hana karatu, fitar da yara ake yi ɗaiɗai har a gano mai bakin. Ta kashe fulogin ɗin saƙo, ta duba, fari. Ta mayar da ita, ta kashe ta gaba. Haka ta bi su kaf, sai guda ɗaya da take ta tsallakewa tana sane. Da ba sauran wadda za ta ɗora wa laifi, ta kashe ta maigidan. Nan take shafin ya buɗe, garau, da sauri irin wanda bai taɓa yi ba.

Ta yi kuka, kuka sosai, har ta jiƙa bakin mayafinta. Wanda ya haɗa abin ba ya nan balle ya gyara shi ya dace da sabon zubi. Ta buɗe tsohon shafin ta saurare shi, ta sake saurara. Auta tana tsaye a bakin ƙofa tana kallonta.

"Da yana nan da tuni ya cire," in ji Kar-a-taɓa, tana share ido. "Mutumin da ko tsohuwar riga ba ya ajiyewa. Matso ki gani, kar gobe ki ce wani ya yi mini."

Ta kashe muryar a shafin gaske, ta sabunta babbar manhaja, ta bi ƙananan ɗaya bayan ɗaya tana gwada kowacce kafin ta wuce. Da la'asar ta yi, jan ɗigon ya ɓace. Tun daga ranar ba sabon zubin da ke kwana bai shiga ba, kuma in ka je gaishe ta sai ta tambaye ka yaushe rabon da ka sabunta wayarka, ta kuma yi maka tas.

Watan ya ƙare, shafin yana nan. Ba a jima ba wata safiya Auta ta kira daga asibiti. Mai haihuwa ce ta zubar da jini, rukuninta kuma mai wuyar samu. Kar-a-taɓa ta tura saƙo, ta zauna ta zuba wa waya ido. Da hantsi wayar ta sake ƙara.

"Mama, an samu. Wani direban tasi ne ya ajiye fasinja ya taho. Ta farfaɗo, har ta ce a miƙo mata jaririn."

Kar-a-taɓa ta dafa murfin kwamfutar.

"To, ki ba direban shayi," ta ce. "Ki cika masa sukari."