Umma Ta Sauya Birkin Motar Baba

Mahaifiyata tela ce. Ta yi shekara talatin da ɗoriya a kan keken ɗinki, a ɗakin da ke kusa da ƙofar gidanmu, kuma a iya sanina ba ta taɓa kai keken wurin mai gyara ba. In ya fara tsallake zare, sai ta shimfiɗa tsumma, ta warware shi, ta jera 'yan notunan a murfin gwangwani, ta gyara ta mayar. Baba kuwa ma'aikacin gidan waya ne, amma ransa na kan wata tsohuwar farar motarsa da ya hana kowane bakanike taɓawa. Duk ranar hutu yana ƙarƙashinta. Umma kan ce ta fi sanin tafin ƙafarsa da fuskarsa.

Shekara biyu da yin ritayarsa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hannun ya mutu, harshe ya yi nauyi. Da ya ga mutane na ƙarasa masa zance kafin ya kai ƙarshe, sai ya daina magana. Umma ta koyi tuƙi tana da shekara hamsin da takwas, don ta riƙa kai shi asibiti gashin ƙashi.

Wata rana na raka su. A hanyar dawowa, duk ta taka birki sai mu ji wata ƙara kamar ana wasa wuƙa. Baba ya saurara, ya saurara, can ya ce, “Takalman birki... sun cinye.” Rabon da mu ji muryarsa an fi mako. Na ce bari in sa mijina ya turo bakanikensa. Baba ya juyar da kai wajen taga. Umma ta kalle shi ta madubi.

Kwana uku bayan haka na zo da safe na iske ta fito da kujerarsa tsakar gida, ta ajiye akwatin kayan aikinsa a gabansa, ga sababbin takalman birki a kwali. Ta sha ɗamara, ta sa tabaraun ɗinki.

“Umma, me za ki yi?” na tambaya.

“Ni hannu ce kawai, Auta. Ga injiniya nan zaune.” Ta dubi Baba. “Malam, ina zan fara?”

Ya kalle ta. Sannan ya ɗaga sandarsa ya nuna tayar baya. “Dutse.”

Ta tokare tayoyin baya da duwatsu. Ya sa ta sassauta notunan tayar gaba tun motar na ƙasa, sannan ta ɗaga ta da jak, ta cusa gungumen katako ƙarƙashi ko da jak ɗin zai zame. Kalma ɗaya yake faɗa, wani lokaci biyu, ita kuwa ba ta taɓa riga shi ba. Ko ta gane, sai ta riƙe sifana ta jira ya ƙarasa.

Da taya ta fita, wani noti a bayan ƙarfen da ke riƙe da takalman ya cije. Ta ja har jijiyar wuyanta ta fito, sifana ta kufce ta ɗauke mata rabin farce. Na ce a bari haka nan. Ta tsotse yatsan, ta naɗe shi da ƙyalle. Baba ya nuna wani guntun fayif a gindin katanga. Ta zura shi a hannun sifana ya ƙara tsawo, ta dafa da nauyinta, notin ya saki.

Tsofaffin takalman sun siɗe, saura ƙarfe zalla. Ta miƙa masa ɗaya, ya shafa da babban yatsan hagu, ya girgiza kai. Ta mayar da fistin da ke tura takalman ciki a hankali, ta zura sababbin, ta shafa giris a bayansu.

“Kar ya taɓa... fuskar,” in ji shi.

“Malam, ni da nake zuba wa keke mai alhali farar shadda na kansa?”

Ya yi dariya da rabin baki. Ɓangaren farko ya ci mata awa biyu, na biyun ko awa bai kai ba.

Tana gama ɗaure tayoyi ta janye duwatsu, ta shiga ta tayar da mota, tana ɗokin gwadawa. Gidanmu kuwa gangare ne zuwa ƙofa. Baba ya buga sanda a jikin kujera da ƙarfi.

“Tela, tsaya. Taka birkin sau da yawa tukuna, sai kin ji ya yi tauri, in ba haka ba ba zai kama ba.”

Haka ya faɗe ta a jere, bai tsaya ba. Umma ta taka, ƙafarta ta tafi har ƙasa babu komai. Ta yi ta takawa, a na biyar ya yi tauri. Ta zauna riƙe da sitiyari tana kallonsa ta gilashi.

Muka sa Baba a mota, muka zaga unguwa sau biyu a hankali. Motar na tsayawa cak, shiru. Da za mu shiga gida, Baba ya ce a wuce, a kai shi majalisar tsofaffin abokan aikinsa, inda rabonsa da zuwa tun kwanciyarsa. Suka taso suka kewaye motar ana gaisawa. Ya sa aka buɗe masa ƙofa, ya nuna tayar gaba da sanda, ya fara ba su labari tun daga dutse. Ya ɗauki lokaci mai tsawo, ba wanda ya katse shi. Wani tsoho ya leƙa ya ce, “Hajiya, da gaske ke kika yi?”

Umma ta ɗaga masa yatsanta mai ƙyalle. “Wata mai zuwa za mu sauya baƙin mai,” ta ce. “In taka na bukata, ka kawo da wuri, don da rana ina da ɗinki.”