Inna Hajara da Maganin da Ya Zo Daga Indiya

Ina cikin aji a Gummi, da hantsi, ƙanena Nura ya kira ni. Ba ya kirana lokacin aiki, don haka tun kafin in ɗauka na san ba lafiya ba. Ya yi sallama, sannan ya ce, "Yaya, Inna ta cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na fita na tsaya ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, ina kallon mata suna wucewa da tulunan ruwa, ina jin muryoyinsu kamar daga wani gari mai nisa.

Sunanta Hajara, amma a unguwarmu ta Anka ba wanda ke kiranta da shi. Inna ce ga kowa, har ga matan rugar da ke kawo nono, waɗanda suke sauke ƙwaryarsu a tsakar gidanmu su huta kafin su shiga kasuwa. Mace ce doguwa, mai tafiya a hankali, mai son girki da yaji. Idan ta kaɗa miyar kuka, maƙwabta sukan turo a sammusu. Ban taɓa ganin ta tsawata wa yaro a gaban mutane ba. Sai ta kira shi ɗaki, ta ba shi abin taɓawa, sannan ta faɗa masa laifinsa.

A shekarun da haƙar zinariya ta mamaye yankinmu, ta zauna wani lokaci a Abare wurin ƙanwarta mai jego. A lokacin a cikin gidaje ake dakan dutsen da aka haƙo, ƙurarsa na sauka a kan tabarmi da kwanon abinci, ba wanda ya san akwai gubar dalma a ciki. Da ƙafafunta suka fara kumburi bayan shekaru, likitan ƙoda a Sakkwato ya ce mai yiwuwa waccan ƙurar ce, mai yiwuwa kuma hawan jinin da ta daɗe da shi. Ya ce ƙodar ba za ta koma yadda take ba, sai dai a lallaɓa ta. Inna ta gyara mayafinta ta ce, "To, a lallaɓe ta. Ta daɗe tana yi mini aiki, ban taɓa ce mata sannu ba."

Nura yana karatun jinya a Indiya a lokacin. Can ya san wani dattijo mai maganin gargajiyarsu, wanda suke kira Ayurbeda. Da ya dawo hutu ya zo da ƙunshin garin magani, ya kuma kira dattijon ta bidiyo don ya ga Inna. Ina zaune gefenta ranar. A fuskar wayar muka ga tsoho mai farin gashi a barandar gida, bayansa ruwan sama na zuba a kan ganyen ayaba. Inna ba ta kalli tsohon sosai ba. Ruwan take kallo.

Ta bakin Nura dattijon ya tambaye ta barcinta, da abin da take ci, da launin fitsarinta. Da ya ji batun dalma sai ya ɗaga hannu. Ya ce a cikin magungunansu akwai waɗanda ake haɗawa da tokar ƙarfe, kada ta kusance su ko da wa ya ba ta. Ya ce kada ta bar ƙwayoyin asibiti, kuma duk abin da ya rubuta a kai wa likitanta ya gani tukuna. Muka kai. Likitan ya soke wasu, ya amince da kaɗan, bisa sharaɗin a riƙa gwada jininta a kai a kai.

Cikin waɗanda aka bar mata akwai wani gari mai hoton tsiro a jikin kwalinsa. Inna ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ta duba, sai ta fara dariya har tana riƙe ciki. Ta ce wa mahaifinmu, "Malam, zo ka gani. Wanga ai tsidau na. Ƙayar da ke soke mu a hanyar gona, ita ta hau jirgi ta zo gaishe ni." Baba ya sa tabarau ya duba, ya ce lallai ita ce. Daga ranar, in ta ga tsidau a hanya sai ta kauce masa da ladabi, ta ce ba a taka baƙo.

Abin da ya fi yi mata wuya shi ne abinci. Aka rage gishiri har ya kusa ɓacewa, aka hana kanwa da dunƙulen magi, nama sai ɗan kaɗan. Ruwan sha ma sai an auna mata a kofi, mace da ta tashi a bakin gulbi. Ba ta taɓa sa a canza tukunyar gida saboda ita ba. Takan dafa mana miyarmu yadda muka saba, ta miƙo mini ludayi ta ce, "Ɗanɗana mini, ɗiyata, bakina ya yi ritaya." Sannan ta koma ga ƴar tukunyarta.

Da la'asar ake ɗumama man riɗi a shafa mata a ƙafafu, kamar yadda dattijon ya koya wa Nura. Duk sanda na zo gida ni ke yi. Takan rufe ido, ta fara ba ni labarin ƙasar da ba ta taɓa zuwa ba. Ta ce can ruwa ba ya ɗaukewa, shanu suna yawo ba makiyayi, matar tsohon tana daka a turmi ƙarami irin na yaji. Ta ce wata rana za ta je ta koya mata dambu. Ina murza ƙafarta, ƙamshin riɗi ya cika ɗakin, ni ma sai in ga kamar ina jin yayyafin a kan rufinmu, alhali rani ake.

Ba zan ce maganin Indiya ya warkar da ita ba, ita ma ba ta taɓa faɗin haka ba. Ban san wanne ne ya riƙe ta ba tsakanin ƙwayoyin asibiti, da kiyaye abinci, da ruwan tsidau. Na san dai ta samu wasu damunai da ba mu sa rai ba, ta yi shuka a bayan gida, ta goya ɗiyar Nura. Idan mata masu kumburin ƙafa suka zo neman ta ɗiba musu garin, takan hana. "Ku tahi a gwada jininku tukuna," take cewa. "Nawa da sunana aka auna shi."

A bara gwajin ya nuna ƙodar ta gaza. Aka fara yi mata wankin ƙoda a Sakkwato, tafiya mai nisa a kan hanyar da ba kullum take da aminci ba. Takan dawo a galabaice, ta kwana biyu ba ta gane ɗanɗanon komai. Wata rana ta tara mu, ta ce ta gode, amma a bar ta gida. Nura ya durƙusa gabanta yana roƙo. Ta dafa kansa ta ce, "Ka yi iyakar yinka, har ƙetaren teku ka kai ni. Yanzu ina son in ji kiran sallar masallacinmu." Likitan ya bayyana mana abin da zai biyo baya, ya ba da abin da zai rage mata wahala. Muka bi abin da ta zaɓa, zukatanmu ba su so ba.

Ganina da ita na ƙarshe, tana kishingiɗe a inuwa, an yi mata lalle a hannu bisa roƙonta. Na ce zan kwana, ta ce in koma, yaran mutane na jirana a aji. Na kai ƙofa na waiwayo. Ta ɗaga hannun nan mai lalle, tana murmushi, kamar wadda ke kan kwalekwale ya fara barin gaɓa.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Hajara. Ka sa jinyar da ta sha ta zama kankarar zunubanta, Ka yalwata kabarinta, Ka shayar da ita daga tafkin ManzonKa, shan da babu ƙishi bayansa. Ka ba Nura natsuwa, don har yau yana tambayar kansa ko akwai abin da ya rage bai yi ba. Ka dubi mahaifinmu, wanda ya zauna da ita tun suna da ƙuruciya, yanzu yake amsa gaisuwar ta'aziyya a zaure, in an ambaci sunanta ya sunkuyar da kai. Ka ba mu haƙurin rashinta, Ka haɗa mu da ita a Aljanna. Amin.