Na ga Baba a bangon gidan abinci

'Yan uwa, yau na ga Baba a Birnin Kebbi!

Muna hanyar zuwa biki Argungu ni da ƙawayena, Luba da Asabe, sai Luba ta ce mu tsaya wani babban gidan abinci, irin mai sanyin nan da cokula jere. An kawo mana gasasshen giwan ruwa da shinkafa. Ɗaga kaina ke nan sai ga wani tsohon hoto a bango. Masunta ne a bakin gulbi, kowa da goransa da homarsa. Na biyu daga hagu yana dariya, hannunsa na dama babu yatsa ɗaya.

Cokali ya suɓuce mini.

Asabe ta ce, "Hajiya, ƙaya ce ta maƙale miki?"

Na ce, "Babana ne wancan."

Luba ta kira manaja. Ya ce, "Mama, shekarar samun 'yancin kai aka ɗauki hoton ga a Argungu. Sunayensu kam ba mu sani ba." Na roƙe shi ya sayar mini, ya ce mai wurin yana Abuja, shi ba shi da iko. Amma ya sauko da shi, ya jingina mini a kan tebur. Haka na zauna ina kallonsa har kifin ya huce.

Kun san ina ƙarama ruwa ya ci Baba, kuma ko hotonsa ɗaya ba mu da shi, amma ban manta hannun nan nasa mai yatsa huɗu ba. Na ɗauka da waya, ga shi nan na turo. Yaya Sani, kai ka fi ni wayo a lokacin. Don Allah duba da kyau, shi ne?